Daɓen Gora da Ledar Gwaggo

Salamu alaikum, 'yan uwa masu leƙo wannan shafi. Baiwar Allahn da ta rubuto mini cewa "Rahma, ke dai kin cika son a sani", na ga saƙonki, kuma ban musa ba. Amma ki gyara zama ki ji yadda aka yi tukuna, in kin gama sai ki zage ni da hujja.

Ga waɗanda yau suka fara zuwa: ni 'yar Jibiya ce, gidanmu na bayan tasha, inda ƙugin manyan motocin Maraɗi ke tashinmu tun kafin ladan ya gyara murya. Wanda aka sa mana rana da shi sunansa Mahmudu. Aikinsa rako kayan 'yan kasuwa daga Kwatano, ya ratso da su Nijar, ya shigo da su ta iyakar Magama. Dogo ne, mai tsafta, ba ya shan komai sai shayi, ba ya kallon kowa sai ni. Aibinsa ɗaya tak, kuma shi ne abin da duk danginmu ke yi mini barka a kai: Mahmudu bai iya cewa a'a ba.

Wallahi ba ƙari nake yi ba. In ka taka Mahmudu, shi zai ba ka haƙuri. Mai shayi ya zuba masa sukari ya yi yawa, "to". Ɗan acaɓa ya wuce da shi layinsu, "to". Mata suna ta ce mini, "Kai, Rahma, kin dace da miji mai sanyi!" Ni kuwa in na ji haka ba na murna, don na san irin sanyin nan, a cikinsa na girma. Babanmu ma mai sanyi ne. Yayarsa, Gwaggo Barira, ita ta zaɓi sunana, ita ta zaɓi makarantar da na yi, ita ta zaɓi labulen da ke ƙofar ɗakin Innarmu. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta kafa ko ƙusa a bangonta ba tare da an aika an tambayi Gwaggo ba. Mijin da ke ce miki "to", haka zai ce wa duk wanda ya fi ki ɗaga murya. Tsorona ke nan, kada in tashi daga ɗakin Inna in koma ɗakin Inna.

To, ga yadda gora ta shigo maganar.

Wata rana Mahmudu ya turo mini hotonsa daga masaukinsu a Kwatano, ya sha farar shadda yana murmushi. Ku yafe mini, ban ko kalli fuskarsa ba. Idona ƙasa ya tafi. Wani irin daɓe ne launin zuma, sumul, yana ɗaukar ido, da siraran layuka da 'yan gaɓoɓi jefi-jefi.

Na rubuta masa: "Mene ne wannan a ƙarƙashin ƙafarka?"

"Takalmi."

"Mahmudu!"

"Au, daɓen? Gora ce."

"Gora dai da na sani, ta rumfar kasuwa?"

"Ita fa. Tsaga ta ake yi, a matse, a goge, ta fito fale-fale kamar katako. Ba ta sanyin tayil, ba ta zafin leda."

Shi ke nan, magana ta zauna mini a rai. Duk amaryar da aka yi a unguwarmu, ɗakinta ɗaya ne da na 'yar uwarta: siminti a ƙasa, leda mai furanni a sama, bayan wata biyu ta tsage a bakin ƙofa a ɗora tabarma a rufa asiri. Masu hali su sa tayil, da damina ka zame ka karya ƙugu. Ni na ce gora nake so. Ya ce, kun san dai abin da ya ce.

Da ya dawo ya zo zance da 'yan guntaye a leda, samfuri. A zaure muke, ƙofa a buɗe kamar yadda doka ta ce, don yanzu ko tari ka yi da ƙarfi a wurin zance sai ka ga 'yan Hisba sun rage tafiya. Ya jera su a ƙasa. Akwai fara-fara kamar shayi da madara, akwai mai duhu da ya ce turara ta ake yi har ta yi wannan launi, akwai kuma wata da aka murɗe zarenta aka matse, ya ce ta fi duka ƙarfi, ko ƙafar gado ba ta lotsa ta. Na cire takalmi na tattaka kowacce. Na ƙwanƙwasa. Har sansanawa na yi, Allah na tuba. Fara za ta nuna ƙurar Jibiya, mai duhu sosai za ta cinye hasken ɗaki. Na ɗauki mai launin zuma, mai ƙarfin nan.

"Amma tana da doka," in ji shi. "Ba a kwara mata ruwa. Tsumma mai ɗanshi kawai. Ba a ɗora mata kaskon turare kai tsaye. Kuma sai an bar ta cikin kwalayenta a ɗakin ta kwana biyu, ta saba da iskar gari, kafin a shimfiɗa."

"Ni ma ina da doka," na ce. "Ba leda, ba kafet. Ranar jere in Gwaggo ta zo, ka gaya mata da bakinka."

"To."

"Wane irin to? Na gaske ko na mai shayi?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba.

Ya cika alkawari ta fannin aiki, ba zan ci hakkinsa ba. Ya ɗauko wani kafinta daga Maraɗi, suka shimfiɗa ta a ɗaki da falon gidan da ya gina a hanyar Magama. Ya turo mini hoto da hantsi ya faɗo ta taga ya kwanta a kai. Na kalli hoton nan har cajin wayata ya ƙare. Hoto kawai fa, don kun san amarya ba ta taka gidanta sai ranar da aka kai ta. Kowa zai shiga ya fita, ya auna, ya tofa albarkacin bakinsa, ban da mai ɗakin.

Na gwada shirya Gwaggo tun da wuri. Ta zo gidanmu duba kayan ɗaki, ta baje a tabarmar Inna tana ƙirga kwanuka da bakin carbi. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata guntun gorar, na yi bayani da murya mai laushi.

Ta juya shi gaba da baya. "Mi kika ce sunan abin?"

"Gora, Gwaggo."

"Gora! Akuya za mu kai ko ɗiya?" Ta dubi Inna. "Habsatu, kina jin ɗiyarki? So take mata su zo ganin ɗaki su ce dangin amarya sun kasa sayen leda, sun aje ta bisa itace. Har jikokinta sai an yi musu gori. Ba da raina ba."

"Gwaggo, ai ta fi leda..."

"Amarya da baki? Tashi ki ba ni wuri."

Ta sa guntun a ƙarƙashin ƙafar kujerar tsakar gida da ke girgiɗi. Yana nan har yau, kuma gaskiya kujerar ta daina girgiɗi.

Kada ku ɗauka Gwaggo muguwa ce. Da na yi ciwon shawara ina ƙarama, a bayanta na kwana na wuni. Ita dai a wurinta ɗakin amarya fuskar dangi ne, kuma ita ce mai wanke fuskar. Leda kuwa hakkin dangin amarya ce, tun kaka da kakanni. Ango ya yi gini, ya yi daɓe, mu mu rufe. Ɗaki ba leda tsirara yake.

Ranar jere, ana gobe ɗaurin aure, ina ɗakin Inna an ƙunshe mini hannu da ƙafa cikin lalle, an ɗaure da tsumma, ko ƙuda ba na iya korewa. Gwaggo ta kwashi mata mota guda suka tafi. A cikinsu akwai Salmatu, 'yar ƙanwar Inna, aminiyata, wadda na roƙa ta zame mini ido. Na sa aka ajiye mini waya a kan filo kusa da fuskata. Da hanci nake buɗe saƙo. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu ina yi.

Hoton farko: bokitai. Mata sun tattare zane, sun kwara ruwa da omo a kan gorata, suna dirza da tsintsiya. Kumfa har bakin ƙofa.

Muryar Salmatu ta biyo baya, tana raɗa: "Rahma, na yi magana, Gwaggo ta ce ɗakin da maza suka tattaka da takalmi ba a sa amarya sai an wanke. Ta ce a bar ruwan ya jiƙa datti ya fita."

Hoto na biyu: ana warware leda. Na ƙura ido. Na ƙara matsowa har hancina ya dungure gilashin wayar. Jama'a, ledar nan zanen katako ne a jikinta. Layi-layi, launin zuma, har da 'yan gaɓoɓi.

"Gwaggo ta ce in gaya miki," in ji Salmatu, tana danne dariya ko kuka, ban sani ba, "tunda itace kike so, ta zagaye kasuwa kaf ta samo miki mai zanen itace. Ta ce kowa ya samu nasa."

Inna lillahi! An rufe gora ta gaske, jiƙe sharkaf, da hoton gora. Amma duk wannan bai ƙona mini rai ba kamar hoto na uku. Ledar ta ƙi kwanciya a gefe, aka ce a kafe ta. Aka aika a kira mai gida ya kawo guduma. Ga Mahmudu nan a hoton, durƙushe a bakin ƙofa, kai a sunkuye, hula a hannu ɗaya, ɗaya hannun cike da ƙusoshi yana miƙa wa Gwaggo.

Ban san sanda na fizge hannuna daga ƙunshi ba. Lallen babban yatsana ya dame, har yau in kun ga hoton bikin za ku ga wurin. Na rubuta masa:

"Ka hana su."

Sai can ya rubuto: "Rahma, Gwaggo ce fa."

"Na san ta. Ni kuma Rahma ce."

"Surukata ce. Da wane ido zan kalle ta in ce kada ta yi? Ki bari bayan biki a hankali sai mu cire."

A hankali! Inna ma a hankali take jira tun kafin a haife ni. Na rubuta, lalle na shafar gilashi:

"Gobe in an kawo ni, fuskata a rufe take, kaina a ƙasa. Ba zan ga gado ba, ba zan ga labule ba, ba zan gan ka ba. Ƙasa kawai amarya ke gani. Abin da na gani shi ne amsarka."

Na jira. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na ce yau dai zan ga doguwar magana. Sai ga ta:

"To."

Da ba don wayar sabuwa ba ce, cikin lefe ta zo, da ta sha bango.

Inna ta shigo ta tarar ina kuka. Ta zauna ta kama hannun tana gyara ƙunshin, ba ta tambaye ni komai ba, don Salmatu ta riga ta kira ta.

"Ki bar shi, Rahma. Ana sabawa."

"Ke kin saba, Inna?"

Ta ci gaba da ɗaure tsumman. Ta ɗaga kai ta dubi labulen ƙofarta, ruwan ƙasa mai manyan ganyaye, wanda in ya tsufa Gwaggo ke sake kawo irinsa sak.

"Ni kore nake so," ta ce. Ta tashi ta fita duba tukunya.

Kashegari aka ɗaura aure da hantsi. Ba kiɗa, ba DJ, walima aka yi, malama ta yi wa'azi a kan haƙuri da biyayya, duk mata na kallona suna gyaɗa kai. Salmatu ta raɗa mini cewa ango ya zo wurin ɗaurin aure a makare, har waliyyinsa ya fara zufa, kuma yatsansa ɗaure da bandeji. Na ce ƙila guduma ce ta rama mini.

Tun da dattawan unguwa suka hana kai amarya bayan duhu, da la'asar ake yi. Aka yi mini wanka da ruwan turare, aka sa mini atamfa shuɗiya, aka naɗe ni da farar lifaya mai zaren zinari, aka ja ta har haɓa. Baba ya yi mini nasiha, rabinta abin da Gwaggo ta gaya masa ne. Na yi kuka, kuma ba na al'ada ba ne, na gaske ne. A mota Gwaggo na zaune a damana, ta riƙe hannuna gam. Muka kutsa ta cikin jerin motocin hatsi da ke jiran tsallakawa, 'yan acaɓa na yi mana hon, masu bumburutun fetur na ɗaga mana galan. Ni dai ƙafafuna kawai nake gani da lallen da ya kama ya yi baƙi. A raina ina cewa, Rahma, ke nan fa. Za ki shiga ki taka hoton abin da kika zaɓa, ki zauna a kai har tsufa, kina ce wa 'yarki ana sabawa.

Aka sauke ni. Guɗa ta tashi. Ƙasar ƙofar gida, dokin ƙofa, simintin tsakar gida, takalman mata birjik. Gwaggo na ja na.

"Da ƙafar dama, ɗiyata. Ce bisimilla."

Na ce bisimilla, na ɗaga ƙafa, na sauke.

Ba santsin leda na ji ba.

Gora ce. Amma wayyo, ba ta hoton nan ba. Ruwan da ya kwana a ƙarƙashin leda ya gama da ita. Bakunan sun kumbura sun ɗago, wasu sun bankare, omo ya bar fari-fari, ga baƙin tabo nan da can. Gefen bango kuwa ramukan ƙusa ne a jere, wasu da tsaga inda aka ɓanɓaro da ƙarfi. Ko a shagon mai gyaran babur ban taɓa ganin daɓe mai munin wannan ba. Na tsaya ina kallonsa ta ƙasan lifaya, wani daɗi ya lulluɓe ni. Wallahi da ba mutane, da na durƙusa na sumbace shi.

Guɗar ta mutu a bakin mai yin ta.

"La'ilaha illallahu!" Muryar Gwaggo ke nan. "Ina ledata? Wa ya juya gadon ga? Wa ya taɓa mini jere?"

Salmatu ce ta ce, a hankali, "Ga ta can bayan ƙofa, Gwaggo. An naɗe ta, har an ɗaure da igiya."

"Wane marar kunya ne, wane ɗan..."

"Ni ne, Gwaggo."

Daga tsakar gida muryar ta fito. Mata suka ɗau salati, na ji ana ta jan mayafi. Ango a gida ranar kai amarya, a tsakiyar surukai, rana tsaka! Wanda ya kamata a ce yana can ɓoye wurin abokansa sai an watse. Ta gefen lifaya na hango takalminsa a bakin ƙofa, da gefen babbar rigarsa, tana rawa. Rigar kam rawa take, ba iska ba ce.

"Wa ya sa ka?" in ji Gwaggo.

In ya ce Rahma ce, shi ke nan, ya wanke kansa, kowa ya san amarya 'yar son a sani ce.

"Ba wanda ya sa ni."

"To, maza ɗauko ta ka maida, yanzu, gaban idona. Ga mata nan tahe ganin ɗaki. Ba za a ga ɗiyarmu bisa wagga ɓarna ba."

Na kasa kunne. Na san bakinsa, na san yadda yake tattara leɓe in zai faɗi kalmar nan tasa. Na rufe ido ina jiranta.

"A'a, Gwaggo." Ya yi gyaran murya ya sake. "A'a. Ki gafarce ni. Ɗakinta ne."

Jama'a, kun taɓa jin ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba? Haka a'ar nan ta fito, da ƙara, da tsatsa. Amma ta fito.

Gwaggo ba ta yi ihu ba, kuma wannan ya fi ihu ban tsoro. Ta gyara mayafinta, na ji ƙarar awarwaronta.

"Madalla. Tun ba a kwana ba an nuna mana iyakarmu. Barira ba ta barin ɗiya inda aka raina danginta. In yana son matarsa, ya turo manyansa su same ni." Ta damƙi wuyan hannuna, daidai wurin da take riƙewa tun ina koyon tafiya. "Rahma, mu tahi gida."

Kun ga ni da na cika muku kunne da cewa Mahmudu bai iya a'a ba? Ni da na yi masa wa'azi a waya har da ɓata lalle? Sai ga bakina ya buɗe da kansa a ƙarƙashin lifaya, harshena ya hau dasashi, "to" ta taho a guje kamar yadda ta saba zuwa duk sanda matar nan ta kira sunana. Na cije ta da haƙori. Na dubi ƙasa. Babban yatsan ƙafata na kan wani ramin ƙusa, gefensa da ɗan jan tabo da ya bushe, na mai bandeji.

Amarya ba ta magana, haka Gwaggo da kanta ta koya mini. Don haka ban ce komai ba. Na dai saki gwiwoyina, na sulale, na zauna daɓas a kan kumburarriyar gorata, na naɗe ƙafafu, na gyara lifaya.

"Rahma! Ba da ke nike ba?"

Ta ja hannuna. Ta sake ja, da ƙarfi, har awarwaronta ya karce ni.

Ban tashi ba.